Kundin aikin tsare fayilolin saiti masu ɗauke da kalmomin sirri

Litinin, 8 ga Satumba, 2025

Yau aka fara aikin gyaran izinin fayilolin saiti a kan sabobin ƙungiya guda biyu, wato kwamfutocin da ke ɗauke da shafukanta da bayananta, kuma zan riƙa rubuta abin da aka yi a nan domin duk wanda zai gaji kula da injinan ya san dalilin kowane canji. Saba ta farko tana kan Ubuntu 22.04, ita ke ɗauke da shafukan WordPress biyu da manhajar rajistar mambobi da aka gina da Laravel, tare da rumbun bayanai na MySQL da Postfix mai tura imel. Ta biyu tana kan Debian 12, a kanta PostgreSQL na sashen kuɗi yake, kuma can ake tara kwafin ajiya na kowane dare.

A cikin rumbunan nan akwai sunayen mambobi da lambobin wayarsu da lambobin asusunsu na banki. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe da irin waɗannan bayanai alhakin tsare su, ta kuma wajabta masa sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, wato NDPC, cikin awa 72 idan aka samu ɓarakar da za ta iya cutar da masu bayanan. Abin da ke tsakanin ɗan kutse da rumbunan kuwa kalmomi ne da aka rubuta ƙarara a cikin fayiloli, domin manhaja ba ta da wanda zai tashi ya buga mata kalmar sirri a duk lokacin da za ta shiga rumbu.

Ban canza komai ba yau, ƙidaya kawai na yi. Na sa grep ya nemo duk fayil mai ambaton kalmar sirri ko mabuɗi a ƙarƙashin /etc da /var/www da /usr/local/bin da /home, sannan na bi kowanne da `stat -c '%a %U:%G %n'` don in ga izininsa da mamallakinsa. Ga yadda ls ya nuna fayil ɗin saitin babban shafinmu:

`-rw-r--r-- 1 www-data www-data wp-config.php`

Wannan shi ne 644. Lamba ta farko ta mai fayil ce, ta biyu ta rukuninsa, ta uku ta sauran kowa, kuma 4 karatu ne, 2 rubutu, 1 gudanarwa. Ke nan kowane asusu da ke kan injin yana iya karanta shi. Ba wani ne ya zauna ya zaɓi haka ba: umask, saitin da ke tantance izinin sabon fayil, wanda a asali 022 ne, shi ke sa kowane sabon fayil ya fito da 644. Fayil ɗin .env, inda Laravel ke ajiye saitinsa da kalmomin sirri, yana da 664, rubutun umarnin da ke ɗaukar kwafin ajiya kuma yana da 755 alhali kalmar sirrin MySQL tana layinsa na sama.

Laraba, 10 ga Satumba

Na zauna da mai rubuta manhajarmu kafin in taɓa wani abu. Da na nuna masa jerin, sai ya ce, "Malam, ai injin namu ne, babu wani baƙo da ke da asusu a ciki." Maganar tasa ita ce mafi yawan mutane ke yi, don haka na buɗe masa /etc/passwd ya ga yawan asusun da ba na mutane ba: www-data, postfix, mysql, nobody da sauransu. A wurin Linux, "kowa" ya haɗa da duk waɗannan, kuma wanda ya samu kafa ta wani tsohon ƙarin WordPress da ba a sabunta ba zai tsinci kansa a matsayin www-data, asusun da shafukan ke gudana da shi, ba tare da ya taɓa sanin kalmar shigar wani ma'aikaci ba.

Daga nan ne babbar matsalar ta fito fili. Shafukan uku duka suna gudana ne da sunan www-data, saboda haka ko da na mayar da kowane fayil 600, wanda ya fasa ƙaramin shafin sanarwa zai karanta .env na rajistar mambobi, tunda asusu ɗaya ne ya mallake su. Lambar izini ba ta raba abin da asusu ɗaya ya haɗa. Tambayar da ya kamata a fara yi ita ce wane tsari ne dole sai ya karanta fayil ɗin, kuma da sunan wa yake gudana.

Mun amince da ƙa'ida kamar haka. Kowane shafi zai samu asusunsa da rukuninsa. Fayil ɗin saiti zai zama mallakar root, wato asusun da ke da cikakken iko a kan injin, rukuninsa na shafin, izininsa 640, ta yadda manhaja za ta karanta amma ba za ta iya sake rubuta saitin kanta ba. Jagorar tsaro ta WordPress tana ba da shawarar 440 ko 400, kuma a wurinmu 640 da 440 duk ɗaya ne tunda root ne mamallaki. Akwai wani abu da ake yawan mantawa: goge fayil ko maye gurbinsa da wani ya dogara ne da izinin foldar da yake ciki, ba da izinin fayil ɗin ba. Idan manhaja tana iya rubutu a cikin foldar, to tana iya cire fayil ɗin root ta ajiye nata. Saboda haka wp-config.php zai koma hawa ɗaya sama da foldar shafin, wurin da WordPress ke duba shi da kansa idan bai same shi a mazauninsa na farko ba.

Litinin, 15 ga Satumba

An raba shafukan. Kowanne yanzu yana da nasa fayil a /etc/php/8.1/fpm/pool.d/ mai bayyana asusun da PHP zai gudana da shi, nginx kuma, manhajar da ke amsa buƙatun masu ziyartar shafi, ya ci gaba da zama www-data, yana karanta hotuna da sauran fayilolin da ake nuna wa baƙi amma ba ya ganin saiti. Na gwada da `sudo -u` ta hanyar ƙoƙarin karanta saitin kowane shafi da asusun maƙwabcinsa, kuma duk an hana. Na kuma bi hanyoyin da `namei -l`, wanda ke nuna izinin kowace folda daga tushe har zuwa fayil.

Wani ƙari mai saurin loda shafi ya yi ƙorafin cewa ya kasa rubuta layin WP_CACHE a cikin wp-config.php. Na rubuta masa layin da hannu, ban buɗe masa izini ba.

Alhamis, 18 ga Satumba

Wannan ita ce ranar da ta fi nauyi zuwa yanzu. Da na bincika foldojin shafukan da `find`, ina neman duk sunan da ya fara da wp-config ko .env, sai na tarar da kwafe-kwafen da babu su a jerin farko: wp-config.php.bak da wani ya ajiye kafin ya yi gyara, wp-config.php.save da nano ke bari idan haɗin ya katse, da .wp-config.php.swp na vim. Haɗarinsu ya fi na ainihin fayil ɗin. Idan baƙo ya nemi wp-config.php ta burauza, nginx zai miƙa shi ga PHP ya gudanar, kuma babu abin da zai fito. Amma sunan da ya ƙare da .bak ba PHP ba ne a idon nginx, don haka zai aika shi yadda yake, da sunan rumbu da kalmar sirri da komai.

Na koma rikodin ziyarar nginx. Kusan kowace rana akwai injinan da ke neman /.env da /.git/config da sunaye iri-iri na kwafin wp-config, kuma ba mu kaɗai ake yi wa haka ba. A watan Agustan 2024 sashen bincike na Unit 42 na kamfanin Palo Alto Networks ya bayyana wani gungun masu karɓar kuɗin fansa da ya kwashi fayilolin .env daga adireshin intanet fiye da 110,000, ya yi amfani da mabuɗan da ke ciki wajen shiga ma'ajiyar bayanan kamfanoni. Namu .env bai fita ba, domin tushen shafin Laravel yana kan foldar public kamar yadda ya kamata, kuma duk buƙatun sun samu 404, wato ba a sami fayil ɗin ba. Amma a shafin sanarwa na ga layi ɗaya daga watan Yuli inda buƙatar wp-config.php.bak ta samu 200, wato an sauke shi.

MySQL yana sauraro ne a 127.0.0.1 kaɗai, kuma asusun rumbun wannan shafi ba ya ganin rumbun mambobi, don haka ban ga alamar an yi amfani da abin da aka ɗauka ba. Duk da haka na canza kalmar nan take tare da mabuɗan gishirin WordPress da ke cikin fayil ɗin, wato mabuɗan da yake tsare shigar masu amfani da su, na goge kwafe-kwafen, na kuma sa doka a nginx da ke hana duk sunan da ya fara da ɗigo ko ya ƙare da .bak, .save, .swp ko alamar ~, ban da foldar .well-known da sabunta takardar shaidar shafi ke buƙata. Goge fayil ba tare da canza kalmar ba tamkar kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Na rubuta wa shugaban ƙungiya bayanin abin da ya faru a yau ɗin nan.

Akwai wani kwafi da Laravel da kansa ke yi. Umarnin `php artisan config:cache` yana tattara duk saiti, har da abin da ya ɗebo daga .env, ya zuba a bootstrap/cache/config.php, kuma na tarar da shi a 644. Na mayar da foldar 750, fayil ɗin 640.

Talata, 23 ga Satumba

Wasu manhajoji suna tsare kansu, wasu ba sa yi, kuma sanin bambancin ya warware mini wani abu da ya daure mini kai. OpenSSH ba ya karɓar mabuɗin sirri da wasu ke iya karantawa. Netplan yana gargaɗi idan fayil ɗinsa a buɗe yake. PostgreSQL kuwa yana watsi da ~/.pgpass, fayil ɗin da ake ajiye masa kalmomin sirri, gaba ɗaya idan rukuni ko sauran jama'a suna da wani izini a kansa, sai an mayar da shi 0600 ko ƙasa da haka. A sabar Debian na tarar da .pgpass a 644, kuma a cikin rubutun cron, wanda ke tayar da aikin ajiya kowane dare, na ga an saka PGPASSWORD da kalmar a fili. A bayyane yake cewa wanda ya tsara ajiyar ya ga .pgpass ba ya aiki, bai lura da gargaɗin ba, sai ya bi gajeriyar hanya. Gyaran bai wuce `chmod 600` ɗaya da goge layi ɗaya ba.

MySQL ya fi sassauci: fayil ɗin da kowa ke iya rubutawa ne kawai yake ƙi, wanda kowa ke iya karantawa kuwa yana karɓa ba tare da ya ce uffan ba. Na cire kalmar daga rubutun ajiya na mayar da ita fayil na daban mai 600 na root, ana kiransa da `--defaults-extra-file`, wanda dole ya zama zaɓi na farko a layin umarni. Ban yarda a ba da kalmar sirri a layin umarni ba ko da sau ɗaya, domin /proc yana nuna wa kowane asusu layin umarnin kowane tsari. An ba ni shawarar mysql_config_editor, amma fayil ɗin .mylogin.cnf da yake samarwa ɓad-da-kama ne kawai, wanda ya iya karanta shi zai iya fito da kalmar, don haka tsaronsa ma izini ne.

A Postfix na gyara sasl_passwd zuwa 600 tare da sasl_passwd.db, wanda postmap ke ginawa daga na farkon kuma kalmar tana cikinsa ita ma.

Litinin, 29 ga Satumba

Bayan sabunta manhajar mambobi da aka yi ranar Juma'a, .env ya koma 664. Wannan ne ya tabbatar mini cewa gyaran da aka yi da hannu yana daɗewa ne kawai har zuwa ranar da wani tsari zai sake ƙirƙirar fayil ɗin. Rubutun da ke tura sabuwar sigar manhaja zuwa saba yana goge tsohon ya kwafo sabo da cp, sabon kuma yana fitowa da mallakar asusun da ya tura shi. Na maye gurbin layin da `install -m 640 -o root -g` tare da sunan rukunin, wanda ke kwafa ya kuma daidaita izini da mamallaki a umarni ɗaya, sannan na sa `umask 027` a farkon rubutun, domin kada fayil ya zauna a buɗe ko na daƙiƙa ɗaya tsakanin ƙirƙirarsa da gyara izininsa.

Git, manhajar da ke ajiye tarihin canje-canjen rubutun manhaja, ba zai taimaka a nan ba. Abin da yake riƙewa game da izinin fayil na yau da kullum shi ne ko ana gudanar da shi ko ba a yi, wato 100755 ko 100644, saboda haka 600 da aka sa a injin mai rubuta manhaja ba ya bin fayil zuwa saba. Abin da Git ke riƙewa sosai shi ne tarihi, kuma da na duba `git log --all -- .env` na ga an taɓa shigar da fayil ɗin a farkon aikin kafin a sa shi a .gitignore. Ma'ajiyar ta sirri ce, amma wannan ba hujjar kwanciyar hankali ba ce: kutsen da aka yi wa Uber a 2016, wanda ya shafi bayanan mutum miliyan 57, ya faro ne daga mabuɗan da aka samu a ma'ajiyar sirri a GitHub. Za a wanke tarihin da git filter-repo, kuma duk abin da ya taɓa shiga ciki ya shiga jerin waɗanda za a canza.

Ga wanda zai mayar da wannan tsari Ansible, manhajar da ke daidaita saitin injina da kanta, daga baya: a rubuta `mode: '0640'` cikin alamar zance. Idan aka rubuta 640 tsurarta, YAML, tsarin rubutun da Ansible ke amfani da shi, zai ɗauke ta a lissafin goma-goma, wanda a lissafin takwas-takwas ya zama 1200, izinin da ba zai bar manhajar ta karanta komai ba.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Kwafin ajiya shi ne inda duk sirrin ƙungiya ya taru wuri ɗaya. Fayil ɗin da mysqldump ke fitarwa harsashin umarni ne ke ƙirƙirarsa, don haka shi ma 644 yake fitowa, kuma dunƙulen tar na /etc da /var/www yana ɗauke da kowane fayil da na shafe makonnin nan ina kullewa. Yanzu rubutun yana farawa da `umask 077`, foldar ajiya kuma 700 ce ta root a injinan biyu.

Abin da izini ba zai iya gyarawa ba shi ne faifan waje da ake kwafar ajiya a kai duk mako a kai ofishin ma'aji. An tsara shi da exFAT, tsarin da bai san mamallaki ko rukuni ba, kuma ko da ext4 ne, duk wanda ya jona shi a kwamfutarsa shi ne root a can. Maganinsa ɓoye bayanan ne. Yanzu ana rufe dunƙulen da mabuɗin GPG na fili tun a kan saba, mabuɗin buɗewa kuma ba ya zama a kan kowace saba. Shugaba ya tambaya me zai faru idan na yi tafiya ko na bar aiki. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, a ajiye kwafi biyu na mabuɗin a rufaffen ambulan, ɗaya a wurinka ɗaya a wurin ma'aji, kuma mu gwada buɗe ajiya da ɗaya daga cikinsu kafin a liƙe." An yi gwajin a gabansa, rumbun ya dawo daidai.

Talata, 7 ga Oktoba

An canza kalmomin sirri da daddare bayan Isha, lokacin da mambobi ba su cika shiga ba. MySQL ya sauƙaƙa aikin, domin tun daga sigar 8.0.14 yana barin asusu ya riƙe kalma biyu a lokaci guda ta hanyar RETAIN CURRENT PASSWORD, sai a sabunta saiti, a tabbatar komai na tafiya, sannan a jefar da tsohuwar da DISCARD OLD PASSWORD. PostgreSQL ba shi da irin wannan, don haka an dakatar da manhajar kuɗi na ɗan lokaci. An kuma canza kalmar asusun tura imel da mabuɗin kamfanin da ke aika mana saƙonnin tes.

APP_KEY, mabuɗin ɓoye bayanai na Laravel, shi kaɗai ban taɓa ba, duk da yana cikin tarihin Git. Da shi aka ɓoye lambobin asusun banki a rumbu, kuma canza shi kai tsaye zai sa su zama abin da ba ya karantuwa. Laravel 11 ya zo da APP_PREVIOUS_KEYS don irin wannan sauyi, amma yana buƙatar PHP 8.2, mu kuma muna kan Laravel 10 da PHP 8.1. Mai rubuta manhaja zai shirya umarnin da zai buɗe kowane layi da tsohon mabuɗi ya rufe shi da sabo, a fara gwada shi a kan kwafin rumbu.

Litinin, 13 ga Oktoba

Na samu kalma ɗaya da ta rage a fayil ɗin da systemd, mai tayar da ayyukan inji, ke amfani da shi wajen tayar da tsarin da ke aika tunatarwa, a layin Environment=. Kulle fayil ɗin ba ya wadatarwa, domin kowane asusu na iya ganin abin da ke layin da `systemctl show`. Na mayar da ita LoadCredential=, wanda ya shigo a systemd 247 kuma yana miƙa wa tsarin sirrin a foldar da shi kaɗai ke gani. Ubuntu 22.04 yana da siga ta 249, don haka yana aiki, amma ɓoye sirrin da systemd-creds sai daga 250, wato a Debian 12 mai 252 kaɗai za mu iya shi a yanzu.

Domin kada izini ya sake zamewa ba a sani ba, an rubuta jerin fayilolin da izininsu da mamallakinsu a /etc/tmpfiles.d/ da layukan z, waɗanda systemd-tmpfiles ke daidaitawa a kowane tashin inji. Wani ƙaramin rubutu yana kwatanta jerin da abin da stat ya gani kowane dare ya aiko imel idan an samu saɓani, kuma yana duba getfacl, tunda ACL, wato ƙarin jerin izini, na iya ba wani asusu izinin da ls ba ya nunawa sai da alamar + a ƙarshen haruffan izini. Auditd kuma yana rubuta duk wanda ya canza ko ya taɓa izinin waɗannan fayiloli.

Duk wannan bai shafi root ba, shi yana karanta komai, haka ma duk wanda ke rukunin sudo. A sabar Ubuntu rukunin yana da asusun wani ɗan kwangila da aikinsa ya ƙare tun bara, na rufe shi yau bayan na samu amincewar shugaba. Aikin mako mai zuwa shi ne taƙaita wa asusun turawa umarnin da zai iya yi da sudo, gwajin sauya APP_KEY a kan kwafin rumbu ranar Laraba, da karɓo tsohon faifan exFAT daga ofishin ma'aji domin a shafe ajiyar da aka yi a kansa kafin a fara ɓoyewa.